Kwamitin Amintattu da Matsayin Mata a Ƙungiyoyin Sa-kai

Ƙungiyar sa-kai, wadda wasu ke kira ƙungiya mai zaman kanta, ita ce wadda aka kafa domin hidimar jama'a, kuma duk abin da ya shigo mata na kuɗi yana komawa ne kan manufar da aka kafa ta dominta. Gidan marayu, ƙungiyar ci gaban gari, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, gidauniyar tallafa wa marasa lafiya da ƙungiyoyin addini duk suna cikin wannan rukuni. A Najeriya ana yi wa da yawa daga cikinsu rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agusta na 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda ƙungiya ba ta neman riba, to masu aiki a cikinta ma don Allah kawai suke yi. Akwai masu sa-kai da ba a biyan su, amma manyan ƙungiyoyi suna ɗaukar ma'aikata da albashi kamar kowace ma'aikata: jami'an shirye-shirye, akantoci, masu sa ido da auna sakamakon aiki, masu rubuta takardun neman tallafi, malaman jinya, direbobi. Rikicin Boko Haram ya mayar da Maiduguri cibiyar irin wannan aiki, inda matasa da dama suka fara daga aikin tattara bayanai a sansanonin 'yan gudun hijira har suka kai ga riƙe ofisoshi. Sai dai aikin kwantiragi ne. Yakan ƙare ranar da kuɗin shirin ya ƙare, kamar yadda aka gani a farkon 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumar USAID, shirye-shirye suka tsaya, ma'aikata da yawa suka koma gida.

A saman ma'aikata akwai kwamitin amintattu, kuma a nan ne ainihin ikon ƙungiya yake. Doka ta ce mutum biyu ko fiye ne za su tsaya a matsayin amintattu, su gabatar da kundin tsarin mulkin ƙungiyar, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da zarar takardar rajista ta fito, amintattun sun zama jiki guda a idon shari'a: da sunansu ake mallakar fili da gini, da sunansu ake kai ƙara, su kuma ake kai wa. Yaro da bai kai shekara 18 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, duk ba sa shiga.

Aikin kwamitin shi ne tsare manufar ƙungiya, amincewa da kasafin kuɗi, naɗa babban darakta da sauke shi idan ya gaza, da tabbatar da cewa mai binciken kuɗi daga waje ya duba littattafai. Shi ke da alhakin ganin an miƙa rahoton shekara ga CAC, an kuma yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, wanda bankuna ke neman takardarsa kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Doka ta hana ɗan kwamitin gudanarwa riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar da yake kula da ita. Cikin abin da ya halatta akwai mayar masa da kuɗin da ya kashe, kamar kuɗin mota da masauki. Dokar 2020 ta ƙara wa CAC ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana ko rashin iya gudanarwa. Wannan sashe, na 839, ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, musamman daga shugabannin majami'u, amma ya nuna ƙarara cewa kujerar ba ta ado ba ce.

A aikace, ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba sa bin wannan tsari. Wanda ya kafa ƙungiya yakan rubuta sunan matarsa da ƙaninsa da wani amininsa don cika sharaɗin rajista, shekara ta zagayo ba a yi zama ko ɗaya ba. Wasu kuma sukan nemo mai sarauta ko tsohon babban ma'aikaci don sunansa ya yi wa takardar wasiƙa kwarjini. Kwamitin da ya zama 'yan amshin Shata ba ya iya tambayar darakta inda kuɗi ya shiga, kuma masu ba da tallafi sun daɗe da gane haka. Shi ya sa kafin su saki kuɗi sukan nemi ganin rubutattun bayanan zaman kwamiti da rahoton binciken kuɗi na shekarun baya.

Batun mata a nan yake shigowa. Ayyukan da suka shafi haihuwa, rigakafin yara, abinci mai gina jiki da karatun 'ya'ya mata ba sa yiwuwa a ƙasar Hausa sai da mata, domin su ne ke shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. Su ke jin abin da matan gida ke faɗa a tsakar gida. Amma idan aka zo teburin da ake yanke shawarar inda za a kai kuɗi, sau da yawa mace ɗaya ce a zaune, ita ma an ba ta kujerar harkokin mata ko ta walwala, ba ta ma'aji ko ta shugaba ba. Abin da ke biyo baya shi ne a tsara shiri a ofis wanda bai dace da rayuwar waɗanda aka yi shi dominsu ba.

Jagorancin mata a hidimar jama'a kuwa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ta naɗa jajis, wato mata shugabanni masu kai ilimi ƙauyuka. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963. A 1985 aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, a Minna, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko, kuma yau tana da makarantu da asibitoci a jihohi da dama. A 1999 Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa WRAPA mai kare haƙƙin mata, wadda Hajiya Saudatu Mahdi ta daɗe tana riƙe da sakatariyarta. Waɗannan ƙungiyoyi sun rayu ne saboda mata sun riƙe littafin kuɗi da kundin tsarin mulki da kansu. Hajiya Amina Mohammed ta yi gwagwarmayar ilimi a cikin ƙungiyoyin farar hula kafin ta zama ministar muhalli, sannan mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Ngozi Okonjo-Iweala kuma ta shugabanci kwamitin Gavi, ƙawancen samar da alluran rigakafi na duniya, daga 2016 zuwa 2020.

An gwada gyara giɓin wakilcin mata ta hanyar ware kaso. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna sun sa burin kashi 30 na kujerun daraktocin bankuna. Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata kujeru a watan Maris na 2022. Dokar rajistar ƙungiyoyi ba ta ware wa mata ko kujera ɗaya ba, don haka kowace ƙungiya ita ke da wuƙa da nama, tana iya rubuta adadin da ta ga dama a kundinta. Ware kaso yana buɗe ƙofa, amma bai isa ba idan ana kiran zama bayan isha'i, ko a wani gari mai nisa ba tare da kuɗin mota ba, ko ana raba takardun kuɗi a ranar zaman ta yadda ba wanda zai samu lokacin karantawa.

Macen da aka gayyata ta shiga kwamitin amintattu, haka ma namiji, ya kamata ta nemi ganin takardar rajista da kundin tsarin mulki, ta karanta rahoton binciken kuɗi na ƙarshe, ta tambayi sau nawa kwamiti ke zama a shekara da kuma waɗanda ke sa hannu a asusun banki. Idan mijinta ko ɗan'uwanta yana neman kwangila a ƙungiyar, sai ta bayyana, ta fita daga ɗakin lokacin da ake yanke hukunci. Wadda ba ta saba da lissafi ba tana iya farawa daga kwamitin makarantar unguwa ko ƙungiyar gari, inda ake koyon karanta kasafi da rubuta bayanin taro. Idan ƙungiya ta ƙi nuna waɗannan takardu, ya fi mata alheri ta ƙi ba da sunanta, domin ranar da bincike ya zo, waɗanda sunansu ke cikin rajistar CAC su za a fara kira.