Fargabar sabbin ma'aikatan jinya a karkara

Ɗalibar aikin jinya a Najeriya kan shafe akalla shekara 3 tana karatu kafin ta sami lasisi. Sai dai da dama kan ji tamkar ba su koyi komai ba a ranar da suka kama aiki.

Masana sun ce wannan ba gazawa ba ce. A 1984, wata malamar jinya a Amurka, Patricia Benner, ta bayyana cewa sai an yi shekara 2 zuwa 3 ana aiki iri ɗaya kafin hannu ya faɗa.

Lamarin ya fi tsanani a garuruwa irin su Mabai da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara a jihar Katsina. A makaranta akwai malamin da za a tambaya, amma a ƙaramin asibitin karkara, sabuwar ma'aikaciya ce za ta yanke shawara idan jini ya ɓalle wa mai naƙuda da tsakar dare, ga kuma matsalar tsaro a hanyar zuwa babban asibitin Ƙanƙara.

Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2009 ya ɗauki sabbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya, abin da ya bai wa ƙananan damar koyo daga manya.