Dalmar balansin taya: abin da mai saye ya kamata ya sani kafin ya ɗora ta a wuta

A gefen wilin mota akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ake maƙalawa lokacin da aka yi wa taya balansi. Aikinsa shi ne daidaita nauyin tayar don kada sitiyari ya riƙa karkarwa idan mota ta ɗauki gudu. Nauyinsa kan kama daga giram 5 zuwa 60. A rumfunan masu faci da ke bakin titin Jega, inda motocin albasar Aliero da masu gangarawa Maiyama da Yauri ke tsayawa, irin waɗannan guntaye na taruwa a gwangwani, 'yan gwangwan kuma su saya a kan sikeli. Daga hannunsu ne wasu maharba ke neman ta don harsashin bindigar gargajiya, masunta kuma don nauyin bakin birgi.

Abu na farko da ke ba mai saye mamaki shi ne ba duka ce dalma ba. Tarayyar Turai ta hana amfani da dalma a balansin taya tun shekarar 2005, saboda haka motocin Kwatano da suka fito daga can yawanci suna zuwa ne da na tutiya ko na baƙin ƙarfe. Na tutiya kan zo da tambarin Zn a jiki, na ƙarfe kuma Fe. Mayen ƙarfe kan nuna na ƙarfe, sai dai a ɗora shi a jikin guntun, domin maƙalin kansa na ƙarfe ne a kowane iri. Dalma tana da taushi, bakin filaya na shiga jikinta, kuma idan ta faɗi a siminti ƙararta a dushe take. Tutiya kuwa ƙara take kamar kwabo. Wanda ya biya kuɗin kilo ɗaya a matsayin dalma ba tare da ya tantance ba, yana iya tarar da wani kaso mai yawa ba ita ba ce.

Amma asarar kuɗin ita ce ƙaramar matsala. Dalma na narkewa a maki 327 na ma'aunin Selsiyas, zafin da murhun gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ke sa a raina ta. Idan ta narke, wata toka-toka na tasowa a samanta, mai aikin ya kwashe ya zubar a ƙasa. Wannan tokar ce ke zama ƙura. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ruwan sama ba ya kashe ta. Tana zama a tsakar gida shekara da shekaru, a daidai wurin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, a inda ake shanya hatsi da albasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro na zuƙar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai zuƙa daga abin da ya haɗiye. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta kawo ƙarancin jini. Idan ta yi yawa sai jijjiga da suma, waɗanda a ƙauye akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Mai ciki kuma tana miƙa ta ga ɗan tayi. Mutanen Kebbi ba sa buƙatar misali daga nesa: a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Can adadin ya fi na mai narka gwangwani ɗaya nesa ba kusa ba, amma hanyar ɗaya ce: daga tsakar gida zuwa hannun yaro. Kuma nonon da ake sha bayan aiki da sunan yana karya guba ba ya fitar da dalma daga jini.

Ga maharbi akwai ƙari. Dalma na farfashewa idan ta shiga jikin dabba, ƙananan ɓurɓushinta su saura cikin naman da iyali za su ci. Sannan Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba tare da izini ba, kuma a halin tsaron da yankin ke ciki, bayanin cewa na farautar gada ne ba lallai ya gamsar da jami'in da ya tare mutum a shinge ba.

Mai faci da ɗan gwangwan da sana'a ta haɗa su da ita za su iya rage haɗarin: a ajiye ta cikin mazubi mai murfi a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, kayan aiki kuma kada su shiga ɗaki. Tukunyar da aka taɓa narka dalma a ciki ta bar girki har abada, ko da an goge ta da toka ta yi fes.