Wasan Yaƙin Hitila A Kwamfuta: Ya Cancanci Lambar Yabo Kuwa?

A shekarar 1994 wani kamfani na Amurka mai suna SSI ya fito da wani wasan kwamfuta da ya sa wa suna Panzer General, watau janar ɗin tankokin yaƙi, don kuwa "panzer" tankar yaƙi ce da Jamusanci. Wasan ya karɓu ƙwarai, har aka ba shi lambar Origins ta wasannin yaƙi na wannan shekara, mujallar Computer Gaming World kuma ta zaɓe shi gwarzon wasannin yaƙi. To, tun daga lokacin nan masu sha'awar irin waɗannan wasanni ba su daina gardama a kansa ba.

Ga yadda abin yake. Taswira ce a fuskar kwamfuta, an yanka ta gida-gida kamar saƙar zuma. Mai wasa ya tura tankokinsa da igwa da jiragen sama, ya kai hari, sa'an nan ya dakata kwamfuta ta yi nata, kamar dai yadda 'yan dara ke yi a gindin bishiya a Sabo ko Idi-Araba. Sai dai shi mai wasan janar ne na Jamus. Daga ƙasar Folan yake farawa, inda Hitila ya tsokano Yaƙin Duniya na Biyu ran 1 ga Satumba 1939. Rundunar da ta tsira daga wannan fage ita zai ɗauka zuwa na gaba, tana ƙara gogewa. In ya iya hannunsa zai ci Ingila, ya ci Mosko, har ya haye teku ya faɗa wa birnin Washinton, abin da Hitila kansa bai samu yi ba.

Masu goyon bayan lambar sun ce kafin wannan wasa, wasannin yaƙi sai ƙwararru, don littafin ƙa'idojinsu kaɗai ya isa ya kori baƙo. Shi kuwa wannan, cikin yini guda mutum zai gane kansa. Hujjarsu ita ce yadda aka yi ta bin sawunsa: Allied General a 1995, Panzer General II a 1997, har zuwa Panzer Corps a 2011.

Tsofaffin hannu kuwa ba su yarda ba. Suka ce an sauƙaƙa abin har ya bar tarihi. Laka da sanyin Rasha da wahalar kai mai da abinci bakin daga, su suka karya sojan Jamus a 1941, amma a wasan ba su da nauyin da ya kamata. A ganinsu dara ce aka sa wa kakin soja.

Akwai kuma magana ta uku, wadda a ganinmu ta fi waɗancan biyu nauyi. Sojan da mai wasa yake jagora su ne suka share wa gwamnatin Nazi hanya ta hallaka Yahudawa miliyan 6, yaƙin nan kuma ya ci mutanen Tarayyar Sobiyet kimanin miliyan 27. Ba ka ganin ko ɗaya daga cikinsu a taswirar. Garuruwa ne kawai da ake ci, sai yabo daga manya in an gama da wuri. Abin da ya sa ke nan a Jamus ɗin kanta hukumar kare matasa ta hana a sayar wa yara wasan. Masu kare shi suka ce ai kowa ya san wasa ne, ba makaranta ba.

Mu ma yaƙin nan bai bar mu ba. Dubban 'yan Arewa aka kwasa zuwa Habasha da Bama ƙarƙashin tutar Ingila, da yawa ba su komo ba. Wanda kakansa ya ba shi labarin dajin Bama, da wuya ya ji daɗin zama a kujerar janar ɗin Hitila, ko da kuwa na sa'a guda ne. Alƙalan da suka ba da lambar dai daɗin wasa da gwanintar tsara shi suka auna, a nan kuwa ko masu sukarsa ba su cika musu ba.