Laikin: Tsiron da Ke Auna Iska

Akwai wani ɗan tsiro da kan manne a jikin dutse, ko bango, ko ɓawon itace, Turawa na kiransa laikin. Abu biyu ne suka haɗu suka zama shi, watau fumfuna da gansakuka. Fumfuna ita ce gida, tana tsare ruwa. Gansakuka kuwa tana yin abinci da hasken rana, su ci tare.

Iri uku ne manya. Na fari kamar ƙanzo yake, ya kan like a duwatsu da kaburbura, ba ya ɓamɓaruwa. Na biyu mai fāɗi ne kamar ganye, ya fi son ɓawon itace. Na uku kamar gemu yake, yana reto daga rassa a wurare masu laima. Dukansu ba su da saiwa, daga iska da ruwan sama suke samun abin rayuwa. Saboda haka in iska ta ɓaci, su ne kan fara mutuwa, mai gemun nan kuwa shi ne kan gaba.

Haka ta faru a Mancesta da Bamingam, a Ingila, zamanin da masaƙu da maƙeru ke ƙona kwal dare da rana. Hayaƙin kwal yana da gubar farar wuta. Tun a 1859 wani masani, Leo Grindon, ya rubuta cewa laikin yana raguwa a kewayen Mancesta. Itatuwa suka tuɓe, suka yi baƙi da kunkunniya.

To, akwai wani malam-buɗe-littafi na dare, fari mai ɗigo-ɗigo, wanda kan saje da laikin, tsuntsaye ba su ganinsa. A 1848 aka kama baƙinsa a Mancesta. Kafin ƙarshen ƙarnin, kusan duk na garin baƙaƙe ne. A 1953 Bernard Kettlewell ya saki farare da baƙaƙe a wani kurmi kusa da Bamingam. Da ya sake kamawa, sai ya ga baƙaƙen sun fi tsira, wajen ninki biyu.

A 1956 aka kafa dokar hana hayaƙi. Sannu a hankali laikin ya komo, baƙin malam-buɗe-littafin kuma ya yi wuyar gani. Amma wanda ya fi yawa yanzu a bakin titi, mai ruwan ɗorawa ne, irin da ke son hayaƙin mota da takin gona. Mai son sanin halin iskar garinsu, sai ya duba jikin itace.