Niyobiyom: ƙarfen da ya sauya tseren hasken eksire a duniya

A watan Satumban 2023, cibiyar bincike ta SLAC da ke Kaliforniya a Amurka ta kunna sabuwar na'urarta, LCLS-II, wadda aka gina domin ta riƙa walƙa hasken eksire har sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Tsohuwar na'urar sau 120 kacal take iyawa. Da irin wannan haske masana ke ɗaukar hoton motsin ƙwayoyin zarra a cikin batir ko furotin, binciken da ya shafi haɗa magunguna da adana makamashi.

Sirrin tazarar yana cikin bututun da ake ingiza ƙwayoyin ilektron. Ana cusa masa igiyoyin rediyo masu ƙarfi, su kuma su tura ƙwayoyin har su kusa gudun haske. Idan na jan ƙarfe ne, mafi yawan wutar kan zama zafi, dole a riƙa tsagaitawa don kada ya lalace. Niyobiyom kuwa, da zarar sanyinsa ya wuce digiri 264 ƙasa da sifiri, kusan ba ya hana lantarki wucewa. Shi ya sa ake ƙera bututun da shi, tsawonsa kimanin mita ɗaya, siffarsa kamar an jera ƙore tara a kife, a nutsa shi cikin ruwan hiliyom mai digiri 271 ƙasa da sifiri. Na'urar European XFEL da ke Hambog a Jamus, wadda ta fara aiki a 2017, tana da irinsu 768.

Sai dai samar da wannan sanyi na cin wuta da kuɗi masu yawa, kuma a nan ci gaban baya-bayan nan ya fi tasiri. Anna Grassellino da abokan aikinta a Fermilab sun gano cewa gasa bututun tare da ɗan iskar naitirojin na rage asarar wuta ninki-ninki, dabarar da LCLS-II ta ɗauka. Yanzu kuma a Jami'ar Cornell da Fermilab ana gwajin shafe cikin bututun da gaurayen niyobiyom da kuza, wanda ke aiki a digiri 269 ƙasa da sifiri. Bambancin digiri biyun nan zai iya ba da damar amfani da ƙananan injinan sanyaya, har fasahar ta kai ga masana'antu da wuraren tace gurɓataccen ruwa.

Ƙarfen ba baƙo ba ne a Najeriya. A shekarun 1950 ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolambait, ma'adinin da ake tace niyobiyom daga gare shi, daga filayen haƙar kuza na Jos. A yau kusan kashi 90 cikin ɗari na niyobiyom daga Brazil yake fitowa. Afirka kuwa har yanzu ba ta da babbar cibiyar hasken eksire ta bincike ko ɗaya, don haka masananta sai sun nemi gurbi a wasu nahiyoyi.