Kwamfuta Ta Kama Amma Fuskarta Baƙi Ƙirin: Me Za A Yi?

Wani malamin firamare daga Saji, cikin ƙaramar hukumar Rano, ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ya ce ranar da zai fitar da sakamakon jarrabawa ya kunna kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Ƙaramar fitilarta ta kama, yana jin ƙarar fanka, amma fuskar baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Makin yara na zango guda yana ciki. Wani ya ce masa ai ta mutu, gara ya sayar wa masu gyara su cire kayanta.

Malam, kada ka sayar tukuna. Mun ga ya dace mu amsa a wannan fili, domin ba kai kaɗai ba ne. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, na'urar ta shiga ƙauyuka. Yau za ka same ta a hannun ɗalibai da malamai daga Rurum har Tarai ta ƙasar Kibiya. Yawancinsu kuma na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo, sun riga sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, fuskar kwamfuta daban, rumbun ajiyarta daban. Fuska taga ce kawai da ake leƙawa. In taga ta rufe, ba a cewa hatsin da ke ɗaki ya ƙone. Sau da yawa duk abin da ka rubuta yana nan lafiya.

Fara da abu mai sauƙi. Wataƙila yaro ne ya taɓa ya rage hasken har ƙarshe. Duba layin madannai na sama, akwai mai hoton rana. Danna shi sau da yawa, in bai yi ba haɗa shi da madannin Fn. Kada a raina wannan. Akwai waɗanda suka biya kuɗin mota har Kano saboda shi. Sannan a zare duk abin da aka soka mata, kamar filashi ko wayar firinta, a kashe, a sake kunnawa.

In ba ta canja ba, danna madannin Caps Lock ka lura da 'yar fitilarsa. Idan tana kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka danna, to ƙwaƙwalwar na'urar tana aiki, matsalar tana wajen nuna hoto. A nan sai ka danna madannai huɗu lokaci guda: mai tambarin Windows, da Ctrl, da Shift, da B. A Windows 10 da 11 wannan yana farkar da sashen da ke aika hoto zuwa fuska, kuma akan ji ɗan ƙara idan ya karɓa.

Gwajin da muka fi so shi ne na tocila, domin kowane gida akwai ta. Shiga ɗaki mai duhu, kunna kwamfutar, ka jira kamar minti biyu, sannan ka haska fuskar daga gefe, kusa-kusa. Ka zuba ido sosai. A bayan gilashin akwai fitilu da ke haska hoton. Idan sun mutu, hoton yana nan amma ba ya ganuwa, kamar rubutun allo cikin dare. In ka hango rubutu dishi-dishi a inda hasken tocila ya faɗa, ka gano cutar: fitilun baya ne, ko wayar da ke kai musu wuta. Wannan waya siririya ce, ta bi ta cikin hinjin murfi. Buɗewa da rufewa na shekaru yana gajiyar da ita, musamman ga masu ɗaga kwamfuta ta murfi da hannu ɗaya. Shi ya sa wani lokaci hoton kan dawo idan an ɗan karkata murfin.

Wanda ke da talabijin mai ramin HDMI a kusa, ko da na gidan kallon ƙwallo ne, sai ya haɗa su da waya. In hoto bai fito da kansa ba, a danna madannin Windows tare da P don zaɓen inda hoton zai tafi. Idan ya fito a talabijin, alhamdu lillahi. Malam, a nan take sai ka kwashe makin yaranka cikin filashi, gyara ya biyo baya.

To idan Caps Lock bai amsa ba, tocila ba ta nuna komai ba, talabijin ma shiru fa? Sai a sauke ragowar wutar da ta maƙale a ciki. Kashe ta, zare caja, cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Mayar da caja kaɗai, ka kunna. Wannan yakan yi amfani bayan wuta ta yi wasa, abin da masu caji da ƙaramin janareta suka sani sarai. A kuma duba cajar kanta. A ƙarƙashin kwamfuta da jikin caja an rubuta ƙarfin wutar da ake bukata. Yawancin HP da Dell 19.5 ne, Lenovo kuma 20. Shigar bakin caja cikin rami ba ya nufin tata ce.

Saura ƙura. Mu da ke zaune inda hunturu ke busawa wata da watanni, ƙura takan shiga ta kwanta a kan ram, wato ɗan siririn falle da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. In bai zauna daidai ba, fanka zai juya amma ba za a ga komai ba. Wasu kwamfutocin sukan yi ƙara ko su riƙa ƙyafta fitila. Ƙirga sau nawa ka rubuta, domin da shi mai gyara zai gane inda ciwon yake. A tsofaffin samfuri akwai ƙaramar ƙofa a ƙasa. Bayan an zare caja da batir, ana iya cire ram, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir a hankali, a mayar har ya ce ƙas. Amma sababbi da batirinsu ke ciki, shawararmu a bar wa masu sana'ar. Haka kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko bargo, yana toshe mata hanyar iska ta yi zafi. Duka da girgizawa, irin wanda ake yi wa rediyo, ba ya gyara ta.

Idan duk an gwada ba a dace ba, sai a nufi mai gyara a Rano, ko Kano wajen titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. Ka tafi da cajarka, ka faɗa masa gwajin da ka yi da abin da ka gani. Ka yi ciniki kafin a kwance ko da noti ɗaya, kuma ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Mafi muhimmanci, ka ce masa da babbar murya kada ya yi fomatin, domin fomatin yana share abin da ke ciki, kuma ba ya gyara fuskar da ta lalace. Ko da babban allon cikinta ne ya ƙone, a mafi yawan kwamfutoci ana iya ciro rumbun ajiya a haɗa da wata a kwashe bayanan. Ka tsaya a gabansa har ya zuba maka su a filashi.