Latse-latsen Waya da Ƙwaƙwalwar Ɗalibi: Darasi Daga Amarawa

Amarawa gari ne da ke dab da Illela a Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda Birnin Ƙonni yake a ɗaya ɓangaren. Mutanen wannan yanki manoma ne kuma 'yan kasuwa, kuma wayar hannu ta zame musu kayan aiki. Da ita ake jin farashin albasa da na dabbobi kafin kasuwar Illela ta ci ranar Lahadi, da ita ake aika kuɗi, da ita kuma ake gaisawa da dangi na ƙetaren iyaka. Lokacin da aka rufe iyakar daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, waya ta taimaka ƙwarai wajen riƙe zumunci.

Sai dai masu iya magana sun ce zuma da zaƙi da harbi. Duk wanda ya bi ta teburin mai shayi ko shagon cajin waya bayan sallar isha'i, a nan ko a sauran garuruwa irinsa, zai tarar da samari zaune kusa da juna, amma kowa ya sunkuyar da kai yana jan hotuna da babban yatsa. Daga cikinsu akwai ɗaliban sakandare waɗanda ake jira a aji da safe. Me ke hana ɗalibi ajiye wayar, alhali shi kansa ya san dare ya yi nisa? Masana ilimin halittu suna da amsa.

Sinadarin sa rai

A shekarar 1954, wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, sun dasa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli. Duk lokacin da ɓeran ya taka maɓallin sai ɗan lantarki ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa. Ɓeran ya dinga komawa yana takawa ba ƙaƙƙautawa. Ta haka aka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyoyin jijiya na musamman da ke sa dabba ta maimaita abin da ya ba ta lada. Daga baya aka fahimci cewa wani sinadari mai suna dofamin yana da babban aiki a waɗannan hanyoyi.

Cikin shekarun 1990, Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai. Ya lura cewa ƙwayoyin jijiya masu fitar da dofamin sun fi motsawa idan ruwan zaƙi ya zo wa biri ba zato ba tsammani. Da birin ya koyi cewa wata alama ce ke gabatar ruwan, sai motsin ya koma kan alamar. Ke nan dofamin ya fi alaƙa da sa rai da neman abu a kan jin daɗin abin kansa. Tun kafin wannan, B. F. Skinner ya nuna cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san karo na nawa zai faɗo ba, ta fi naci wajen saran maɓalli, kuma ta fi wuyar dainawa.

Haka abin yake ga mai latsa waya. Hoto na farko ba komai, na biyu ma haka, na biyar kuwa sai ga abin dariya ko saƙon aboki. Tun da ba a san inda ladan yake ba, yatsa ba ya hutawa. Ƙari a kan haka, a 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafi marar ƙarshe, wanda daga baya shi kansa ya nuna nadama a kai. Littafi yana da ƙarshen babi, shirin rediyo yana da lokacin rufewa, amma shafin TikTok ko Facebook ba shi da gindi. Kamfanonin kuwa daga talla suke samun kuɗi, saboda haka daɗewar mai kallo riba ce a wurinsu.

Haske da agogon jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa, sama da inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke aiki tamkar agogo. Idan duhu ya shiga, agogon nan yakan umurci wani ɗan ƙullutu mai suna finiyal ya saki sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi. A farkon shekarun 2000 aka tabbatar da cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin melanofsin, waɗanda ke kai wa agogon labarin haske, kuma shuɗin haske ya fi tayar da su. Fuskar waya tana fitar da irin wannan haske.

Wani bincike da masana na Jami'ar Harvard suka buga a 2015 ya kwatanta masu karatu a na'ura mai haske da masu karanta littafin takarda kafin kwanciya. Masu na'urar sun sami raguwar melatonin, barci ya yi musu jinkiri da kimanin minti 10, kuma sun tashi da kasala. Minti 10 ba shi da yawa. Babbar ɓarnar ita ce sa'o'in da kallon kansa yake cinyewa, da yadda labarin tashin hankali ko gardama ke hana zuciya kwanciya.

Likitocin barci sun ba da shawarar sa'a 8 zuwa 10 ga matashi mai shekara 13 zuwa 18. Ɗalibin Amarawa da ya ajiye waya ƙarfe 1 na dare, ya tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5 da rabi, sa'a 4 da rabi kawai ya samu. Alhali kuwa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take bitar abin da aka koya da rana, tana ƙarfafa shi domin ya zauna. Wanda ya rage barci ya rage haddar jiya, ya kuma rage natsuwar yau. Sakamakon yakan fito fili ranar jarrabawar WAEC ko NECO.

Idan an rage, me ke faruwa?

A 2018, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, an yi gwaji da ɗalibai 143. An umurci wani rukuni su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako 3. A ƙarshe an sami raguwar kaɗaici da ƙuncin rai a cikinsu fiye da waɗanda aka bari yadda suka saba. A wani gwajin da aka buga a 2020, an biya mutane kuɗi suka rufe Facebook na mako 4. Sun sami rarar kimanin sa'a 1 a kowace rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, jin daɗin ransu ya ɗan ƙaru, amma saninsu na labaran yau da kullum ya ragu. Ashe ragewa tana da riba, tana kuma da abin da take ci.

Wajibi ne a faɗi gaskiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta a matsayin larura, amma ba ta sanya yawan shiga kafafen sada zumunta cikin jerin cututtuka ba. Ɗabi'a ce da aka koya, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi.

Yanki ya riga ya ɗanɗani yankewa ta dole. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma jama'a sun sha wuya wajen ciniki da aika kuɗi. Wannan ya nuna cewa jefar da waya ba mafita ba ce. Mafita ita ce a yi mata akala.

Matakan da za a iya ɗauka

Na farko, a raba waya da wurin kwana. Wanda ke kai tasa shagon caji yana iya barinta can da dare idan mai shagon amintacce ne, ko ya damƙa wa mahaifi. Na biyu, a kashe ƙarar sanarwa ta duk manhajar da ba ta kira ko ta kuɗi ba, domin ƙarar ita ce alamar da ke tayar da sa rai, kamar yadda aka gani ga biran Schultz. Na uku, a yanka wa kallo lokaci sananne, misali minti 30 bayan la'asar, a kuma duba ma'aunin lokaci da ke cikin saitin waya kowace Juma'a. Na huɗu, a cike gurbin da wani abu: ƙwallo, muraja'a, aikin fadama ko hira da tsofaffi, domin ɗabi'ar da aka cire ba a maye gurbinta ba takan dawo.

Malamin kimiyya kuwa yana da gwaji a hannu wanda ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ɗalibai su rubuta lokacin kwanciya da na tashi da mintocin waya har mako 1. A mako na biyu su ajiye waya sa'a 1 kafin barci, su ci gaba da rubutawa, sannan a zana jadawali a kan allo a kwatanta. Zai fi armashi idan malamin ya sa nasa alƙaluman a ciki.

Mutumin Amarawa ya san amfanin iyaka tun yana yaro: ana ƙetarawa a yi ciniki, a gaida dangi, a komo gida kafin dare. Ɗalibin da ya yi wa wayarsa irin wannan iyaka zai ci moriyarta, ya kuma tashi da safe da ƙwaƙwalwar da ta huta.